Muhawara: Binciken likitoci a kan ciwon hanta da gyambon ciki, taimako ne ko gwaji ake yi da mu?

Malamin Makaranta, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna wannan zaure. Tambayata ga likitocin da ke cikinmu take, amma ina so kowa ya sa baki. Ƙanina ya je bayar da jini ga matar abokinsa da ta haihu, sai aka ƙi karɓar jininsa, aka ce an ga ciwon hanta nau'in B a ciki, alhali bai taɓa kwanciya ba, idonsa bai taɓa yin rawaya ba, kuma kullum yana kasuwa. Da ya je asibiti aka yi masa gwaje-gwaje, likita ya ce ba yanzu zai fara shan magani ba, ya riƙa dawowa duk wata shida. Sannan aka tambaye shi ko zai yarda a sa shi cikin wani bincike da ake yi a kan masu wannan cuta, inda za a riƙa ɗibar jininsa ana ajiye bayanansa. Nan gida ya rabu biyu. Mahaifiyarmu ta ce idan da gaske cuta ce, me ya hana a ba shi magani, idan kuma ba cuta ba ce, me za a yi da jininsa. Na kasa ba ta amsa.

Dattijo, Ƙofar Rini:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayar Hajiya tambayar masu hankali ce, kada ku raina ta. Mu da muka manyanta ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, aka rasa 11 daga cikinsu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ga wannan, idan ya ji an ce bincike dole gabansa ya faɗi. Shawarata ita ce yaron nan ya karɓi maganinsa idan akwai, ya bar musu takardunsu.

Likitan Ciki da Hanta:
Allah shi ƙara wa Baba lafiya. Ba zan musanta abin da ka faɗa ba, domin maganar Kano tana cikin darussan da ake koya wa ɗaliban likitanci. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma daga cikin waɗanda suka rasu akwai waɗanda tsohon magani aka ba su, amma babbar matsalar ita ce ta neman yardar iyaye da izinin hukuma. Zan ma ƙara maka wani abu da ya shafi fannina: a 1999 hukumomin Amurka sun taƙaita amfani da wannan magani saboda an gano yana lalata hanta a wasu mutane.

Sai dai bincike iri-iri ne, kuma ya kamata Malam ya gane wanne aka gayyaci ƙaninsa. Akwai wanda ake ba mutum sabon magani domin a ga ko yana aiki, wannan shi ne gwajin magani. Akwai kuma wanda ba a ba mutum komai sabo, ana bin lafiyarsa ne shekara da shekaru ana rubuta abin da aka gani, domin a gane su wane ne cutar ke yi wa illa, su wane ne take zama lafiya da su. Bisa bayanin Malam, na biyun ne aka yi wa ƙaninsa tayi. Ko wanne ne, tun 2007 Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma asibitocin koyarwa, har da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato, suna da kwamitin da sai ya amince kafin a fara. Haƙƙin yaron nan ne a karanta masa takardar amincewa da Hausa, a gaya masa ina jininsa zai tafi da abin da za a auna a ciki, a gaya masa ko za a ba shi sakamakonsa, kuma a tabbatar masa cewa idan ya ƙi, ko ya shiga daga baya ya fita, kulawar da ake ba shi ba za ta ragu ba. Idan mai binciken ya kasa amsa waɗannan, to ya bi shawarar Baba.

Dattijo, Ƙofar Rini:
Likita, na ji bayaninka, amma ba ka amsa tambayar Hajiya ba. Ga cuta an gani, ga magani an ce akwai, don me za a ce ya je ya dawo? Kuma wannan rubuce-rubucen da kuke yi, wa ya taɓa amfana da shi in ba ku da kuke samun ƙarin girma a wurin aiki ba?

Likitan Ciki da Hanta:
Baba, amsar tambayoyinka biyu guda ɗaya ce, ka yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya zama a jikin mutum shekaru masu yawa. A wasu mutanen tana nan kwance, yawanta kaɗan ne a jini, hanta kuma lafiya lau. A wasu tana hayayyafa, jiki yana yaƙarta a cikin hanta, wannan yaƙin yana barin tabo a kan tabo har hanta ta ƙandare, daga nan kuma sai ruwa ya taru a ciki, ko aman jini, ko sankarar hanta. Maganin da muke da shi, tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya ce a rana, yana danne cutar sosai, amma ba ya fitar da ita gaba ɗaya, don haka mafi yawan waɗanda suka fara za su daɗe suna sha, wasu har ƙarshen rayuwa, kuma dainawa ba tare da sanin likita ba yana iya tayar da cutar da ƙarfi. Saboda haka aikin likita shi ne ya tantance wanda hantarsa ke cikin haɗari. To da me zai tantance? Gwajin ƙidayar ƙwayar cutar a jini yana da tsada. Na'urar FibroScan mai auna taurin hanta ba kowane asibiti ke da ita ba.

Domin wuraren da ba su da waɗannan kayan aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar wani lissafi mai arha da ake kira APRI, wanda ake haɗa sakamakon gwajin jini guda biyu da kusan kowane babban asibiti ke yi: sinadarin hanta na AST da adadin ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini. Aka ce idan lissafin ya haura 2, hanta ta ƙandare, a fara magani. Wannan adadi an samo shi ne galibi daga binciken da aka yi a wajen Afirka. Da masu bincike na ƙasashen Afirka suka haɗa bayanan mutane fiye da 3,000 masu wannan cuta, irin bayanan da ake roƙon ƙanin Malam ya bayar, sai suka ga cewa wannan ma'auni yana tsallake mafi yawan waɗanda hantarsu ta riga ta ƙandare. Wato ana sallamar mutum a ce masa da sauransa, alhali yana bakin rami. A watan Maris na 2024 Hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida, ta sauko da ma'aunin fara magani zuwa abin da ya haura 0.5, ta kuma buɗe wasu ƙofofin fara magani, kamar wanda a danginsa an taɓa samun sankarar hanta ko ƙandarewarta. Mutanen da yau ake ba su magani, waɗanda da a da ne sai a ce su jira, su ne suka amfana, Baba, kuma ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ba da jininsu ba.

Malam, tun da ƙa'idar ta sauya, ba laifi ƙaninka ya tambayi likitansa nawa lissafinsa na APRI yake, kuma ya gaya masa idan an taɓa rasa wani a dangi da kumburin ciki ko ciwon hanta. Dawowar da aka ce ya riƙa yi duk wata shida kuma ba jeka-ka-dawo ba ce, ita ce kulawar.

Malamin Makaranta, Mabera:
Na gode, Likita. Wani kawunmu ya rasu da kumburin ciki, a lokacin aka ce sammu ne. Zan gaya masa ya ambata. Abin da ya rage mini shi ne, ta ina ya ɗauko wannan cuta? Mutane sun fara yi masa wani irin kallo.

Likitan Ciki da Hanta:
A ƙasashenmu mafi yawan masu ɗauke da ita tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, ko daga uwa lokacin haihuwa, ko daga wani yaro a gida ta hanyar rauni da jini, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da su. Jaririn da ya kamu, kusan 90 cikin 100 cutar za ta zauna masa, amma babban mutum idan ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa. Don haka kallon da ake yi masa zalunci ne. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, wato a sahun salla ɗaya mai tsawo da wuya a rasa mutum ɗaya. Abin yi shi ne Hajiya da ku 'yan uwansa da iyalinsa duka ku yi gwaji, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Ungozoma, Gwadabawa:
Likita, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Allurar rigakafin nan tana cikin jadawalin yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin ita ce ke tare cutar da jariri zai iya ɗauka daga uwa. To mu a nan mafi yawan mata a gida suke haihuwa, kuma ba a fita da jariri kafin suna. Ranar da za a kawo mana shi, ya kwana bakwai ko ya yi arba'in. Ina so iyaye maza da ke wannan zaure su ji: idan matarka ta haihu a gida, ba sai mai jego ta fito ba, kakar yaro ko gwaggonsa za ta iya kawo shi a ranar. Kuma mace mai ciki ta nemi a yi mata gwajin nan a wurin awo, domin idan cutar ta yi yawa a jininta akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe don kare abin da ke cikinta. Shayarwa kuma ba ta da laifi, kada a hana jariri nono.

Ɗalibar Likitanci, Arkilla:
Inna ta yi gaskiya, kuma ina so in tuna wa Baba cewa ita ma wannan allura bincike ne ya tabbatar da ita a kan yaran Afirka ta Yamma. A Gambiya an fara a 1986, aka riƙa shigar da allurar yanki bayan yanki har ta game ƙasar a 1990, aka kuma ci gaba da bin yara fiye da 120,000 don a ga bambancin waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. A Taiwan, inda aka fara yi wa jarirai a 1984, an ga sankarar hanta ta ragu a tsakanin yara bayan 'yan shekaru. A Gambiyar dai, daga 2011 an bi mutane garuruwansu aka gwada kusan 6,000, aka samu kimanin kashi 9 cikin 100 suna da cutar, amma bisa ƙa'idar wancan lokaci ƙasa da kashi 5 cikin 100 na masu cutar ne suka buƙaci magani nan take.

Dattijo, Ƙofar Rini:
'Yata, Allah shi yi miki albarka, kin yi karatu. Amma ki lura duk sunayen da kuke kira na wasu ƙasashe ne. Ni ban ce a daina bincike ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda aka ɗebi jininsa a Sakkwato, a dawo a tara shi da 'yan uwansa a gaya musu da Hausa abin da aka gano. Sau da yawa ana zuwa ƙauyukanmu da takardu da kwalabe, a tafi, shi ke nan. A nan nake tsaye.

Likitan Ciki da Hanta:
A nan kam ina bayanka, Baba, kuma ba ni da abin kare abokan aikina da shi.

Uwar 'Ya'ya, Runjin Sambo:
Ina neman afuwa zan shigo da maganar aure. An fasa auren 'yar maƙwabciyata saboda gwajin kafin aure ya nuna saurayin yana da wannan cuta, aka ce ko zufarsa ta taɓa ta za ta ɗauka. Shin haka ne?

Likitan Ciki da Hanta:
Hajiya, ba haka ba ne. Ba a ɗaukarta ta zufa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha. Ta jini ne da saduwar aure da haihuwa. Idan an gwada yarinyar ba ta da ita, a yi mata allurar rigakafi sau uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, kuma fiye da 90 cikin 100 na matasa masu lafiya suna samun kariya, ana ma iya auna jini a tabbatar. Yanke shawara ta iyaye ce da yarinyar, amma a yanke ta a kan sani.

Mai Maganin Gargajiya, Tsohuwar Kasuwa:
Likita, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Mu maganin ciwon shawara muka gada daga iyaye, kuma mutane da yawa sun zo idonsu jawur ko rawaya, suka sha saiwar rawaya da sauran haɗin da muka sani, cikin mako biyu ko uku ido ya washe. Wannan ba bincike ba ne? Ko sai Bature ya rubuta sannan ya zama ilimi?

Likitan Ciki da Hanta:
Malam, abin da ka gani da idonka ban ƙaryata shi ba, tambayar ita ce me ya warkar da su. Shawara alama ce, ba cuta ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo ta, ciwon sikila yana kawo ta, toshewar hanyar matsarmama tana kawo ta, haka ma ciwon hanta nau'in A da E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci. Waɗannan biyun na ƙarshe, a mafi yawan mutane jiki ne ke korarsu da kansa cikin makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba, sai dai nau'in E yana da mugun haɗari ga mai ciki, kamar yadda aka gani a Diffa ta Nijar a 2017. Idan mutum goma suka sha haɗinka suka warke, ba za mu san aikin haɗin ba sai mun ga wasu goma masu irin ciwonsu da ba su sha ba. Wannan kwatancin shi ne zuciyar binciken magani, kuma mu ma ana yi mana shi, magunguna da yawa na asibiti sun faɗi a nan aka watsar da su.

Ba a raina itatuwa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye na ƙasar Sin aka samo shi, wadda ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta karɓi lambar Nobel a 2015. A Abuja ma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta fitar da Niprisan na sikila daga haɗin gargajiya. Abin da nake roƙonka shi ne biyu. Kada a ce wa mai nau'in B an wanke masa cutar don idonsa ya washe, sai gwajin jini ya nuna. Kuma mai kumburin ciki, ko mai ciki, ko jariri mai shawara, ka turo mana su da wuri, domin duk abin da aka sha ta hanta yake bi, kuma hantar da ta raunana ba ta ɗaukar jiƙo mai ƙarfi.

Mai Maganin Gargajiya, Tsohuwar Kasuwa:
Na biyun na karɓa, dama ba na taɓa jarirai. Na farkon kuwa, ku zo ku ɗauki haɗin ku auna, amma da sunanmu a kai.

Manomi, Goronyo:
Ranka ya daɗe Likita, na ji a rediyo an ce gyaɗa da masara ma suna kawo ciwon hanta. Mu da su muke rayuwa.

Likitan Ciki da Hanta:
Ba gyaɗar ba ce, funfuna ce da ke kama ta idan ba ta bushe sosai ba ko an ajiye ta a wuri mai laima. Funfunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda aka gano bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Dafuwa da suya ba sa kashe gubar, don haka tana iya shiga ƙuli-ƙuli da tuwo. Idan ta haɗu da nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sosai fiye da kowannensu shi kaɗai. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Gini aka buga a 2005 zai yi maka daɗi, domin ba magani aka raba ba: an koya wa manoma su tsince gyaɗar da ta lalace, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe, su zuba a buhun algarara su ɗora a kan katako. Da aka auna jininsu bayan watanni, alamar gubar ta yi ƙasa da fiye da rabi idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba su yi haka ba. Kuskuren da ake yi shi ne a kai mai kyau kasuwa a bar wa gida tsintacciyar.

Tun da kana bakin madatsar ruwa, ka san kuma tsargiya iri biyu ce. Wadda aka fi sani ita ce ta fitsarin jini, amma akwai ta hanji wadda ƙwanta ke maƙalewa a hanta, saifa ta kumbura, jijiyoyin jini na bututun abinci su cika har su fashe. Mutum ya yi aman jini, a ce olsa ce, alhali hanta ce. Na'urar leƙa ciki ce kaɗai ke raba gardama, kuma da ita ake ɗaure jijiyoyin.

Mai Kemis, Tudun Wada:
Yawwa, an zo kan olsa. A shagona babu abin da ake nema kamar maganinta. Kowa ya ji zafi a ƙirji ko saman ciki sai ya ce olsa ce, yunwa ta jawo masa, musamman bayan azumi. Ina ba su omefirazol da na ruwa mai fari, su ji sauƙi, bayan wata biyu su dawo.

Ɗalibar Likitanci, Arkilla:
Yaya, dawowar da suke yi ita ce abin da ya dami likitoci shekaru da yawa. Har farkon shekarun 1980 an ɗauka damuwa da yawan sinadari mai tsami a ciki su ne tushen gyambon ciki. A 1982 likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino wata ƙwayar cuta daga tumbin marasa lafiya, wadda yanzu ake kira Helikobakta failori. Ba a yarda da su ba, har a 1984 Marshall ya sha ƙwayar cutar da kansa, bangon tumbinsa ya kumbura, aka leƙa aka gani. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna idan aka kashe ƙwayar, gyambon da wuya ya dawo. An ba su lambar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda 'yan aikin ƙarfi ke sha kullum. Yunwa tana tayar da zafin ga wanda yake da gyambon, amma ba ita ce ke haƙa shi ba.

Kuma Baba ya ce a kira sunan gida: a Maiduguri an yi bincike aka buga a 1992, aka samu kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da alamar wannan ƙwaya a jini, mafi yawa tun suna yara.

Mai Kemis, Tudun Wada:
To ƙanwata, idan kusan kowa yana da ita, ai sai in riƙa haɗa wa duk mai ciwon ciki da amoksilin da filajil a huta.

Likitan Ciki da Hanta:
A'a, Alhaji, wannan shi ne abin da muke tsoro. Na farko, wannan adadi na Maiduguri yana nuna cewa gwajin jini da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji ba shi da amfani sosai a wurinmu, domin yana nuna mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne, ko an kashe ta yana iya ci gaba da nunawa. Gwajin bayan gida ko na numfashi su ne ke nuna tana nan yanzu, kuma sai an dakatar da omefirazol mako biyu, magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, in ba haka ba gwajin zai ce babu alhali akwai. Na biyu, maganin haɗi ne na ƙwayoyi uku ko huɗu na kwana 14 cur, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama ya nuna ƙwayar ta riga ta saba da filajil a mutane masu yawa, saboda yadda ake shansa ga kowace gudawa, kuma kwana uku-uku da ake sayar wa mutane su ne ke koya mata jurewa. Wane haɗi ne ya fi aiki a Sakkwato, wannan tambaya ce da sai an ɗauki samfuri daga cikin mutanenmu an raino ƙwayar an gwada ta da magunguna kafin a amsa.

Na uku kuma shi ne mafi muhimmanci a shagonka. Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yake ramewa, ko abinci yake tsaya masa, ko yake yawan amai, ko jininsa ya yi ƙasa, ko dattijon da ciwon ya fara masa yanzu, kada ka ba shi komai ya tafi gida. Omefirazol zai kwantar masa da zafi ko da sankara ce ke cinsa, kuma tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Mai Kemis, Tudun Wada:
Alamomin nan zan rubuta su in manna a bango, yaran shago su ma su gani. Amma Likita, ka sani wanda ya zo mini da kuɗin ƙwaya huɗu a hannu, idan na ce masa ya daina magani mako biyu ya je gwajin bayan gida, shagon gaba zai shiga. Idan za ku yi wannan binciken na Sakkwato, ku sa mu masu kemis a ciki tun daga farko, ku ba mu takardar turawa da wurin da za a yi gwajin a farashin da talaka zai iya, domin mu suke fara zuwa kafin su zo gare ku.